Ragowar Baƙin Alhaji

Shekaranjiya aka yi suna a gidan da ke jikin namu, nan Cadawa, inda nake zaune wajen ɗana tun da ƙafa ta fara ba ni wahala. Shinkafa aka dafa, tukunya huɗu manya, aka zuba wa kowa a ƴan robobin nan farare da ake ci a yar. Da la'asar ruwa ya sauko. Washegari na fito zubar da ruwan wanke-wanke, sai na tarar kwatar ƙofar gida ta toshe. Shinkafa ce ta sha ruwa ta kumbura, mai yana yawo a samanta, ƙudaje sun rufe ta. Wani tsami-tsami ya bugi hancina har sai da na dafa bango. Na san warin nan. Na taɓa kwana uku da shi a cikin ɗakina, a daminar da jam'iyyu suka fara shigowa ƙauyuka.

A lokacin muna ƙauyenmu, can kudu da Cadawa, tafiyar hantsi guda a amalanke. Ni da maigidana da ƴaƴanmu biyu, sai mahaifiyarsa da muke kira Inna. Wansa, Yaya Lawali, danga ce kawai tsakanin gidanmu da nasa.

Kakar da ta wuce ba ta yi albarka ba, tsutsa ta shiga zangarniyar hatsi ta rarake ta. Tun bazara ba ta ƙare ba aka shiga rumbunmu da tsintsiya. Ruwa kuma ya yi jinkiri. Muka yi binne, iri ya ƙone a cikin ƙasa. Rana takan fito tun da safe da zafinta na tsakar rana, in ka taka rairayi ba takalmi sai ka yi tsalle. Hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, mu kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi. Sai da muka shuka sau biyu kafin hatsi ya kama.

Da ruwan ya zauna kuwa, sai ya zauna da gaske. Yunwar tsakiyar damina daban take da sauran. Duniya ta yi kore shar, ko'ina ka duba abinci ne yana tahowa, amma bai iso ba. Ka tsaya cikin gonarka hatsi ya kai maka gwiwa, cikinka yana kuka.

Inna ce ta riƙe mu a watannin nan. Tiya ɗaya ta hatsi sai ta kai mu kwana biyu, wani lokaci uku. Ƙasarin da aka wanke hatsi ba ta bari a zubar, ta bar shi ya kwanta ta dama wa yara kunu da shi. Dusar da a da awaki ake ba, sai ta tankaɗe ta sau biyu ta haɗa da gari. Da hantsi takan ɗauki ƙwarya ta bi bakin gonaki, ta dawo da tafasa da yaɗiya da gasaya, ta dafa, ta matse ɗacin, ta kwaɗa da gishiri da ɗan ƙuli-ƙuli in akwai. In an tuƙa tuwo, ita ke kankare gindin tukunya da kanta, ta shanya ƙanzon a kan rufin ɗaki, ta zauna kusa da sanda saboda kaji. Sau ɗaya muke cin abu mai nauyi a yini. Sauran kuwa farau-farau ne, ruwa da ɗan abin da zai sa ya yi fari.

Ana cikin haka kurkunu ya fito wa maigidana a idon sawu. Ƙafa ta kumbura, ko bayan gida sai an riƙe shi. Kowace safiya in zauna in naɗe zaren tsutsar nan a tsinke kaɗan-kaɗan, yana cije baki. Noman farko ni da Inna muka yi abin da muka iya. Lokacin maimai ya zo, ciyawa ta fi hatsinmu tsawo. Ba yadda za a yi sai gayya, gayya kuwa ba ta yiwuwa sai da abinci. Maza ashirin ba za su yini da hauya a gonarka ka sallame su da ganye ba.

Ina da tiya shida da na ɓoye tun kaka, daga ƴar gamanata, ɗan filin da nake noma wa kaina. Na zuba a tulu, na liƙe bakin da laka, na tura ƙarƙashin gado. Ranakun da yarana suka kwanta suna kuka ban fasa tulun nan ba. Na gayya ne. In gonar nan ta mutu, baɗi ma mun mutu.

Shekarar ce rediyo ta cika da maganar dimokuraɗiyya. Soja za su sauka, talaka zai zaɓi wanda yake so. Garinmu da bai kai gida ɗari ba ya rabu biyu, unguwar gabas da tutarsu, mu na yamma da tamu. Yaya Lawali ya taɓa yin aji huɗu a lakol, makarantar boko, yana iya karanta takarda, sai aka ba shi sakataren jam'iyya na gari. Tun daga nan ya daina fita ba takarda a aljihun gaba.

Wata Laraba ya shigo gidanmu da hantsi. Ya gaida Inna, ya leƙa ya duba ƙanensa, sannan ya zauna a kan turmi. Ni ina bakin murhu, na ja mayafi na sunkuyar da kai.

“Inna, ran Asabar Alhaji zai zo garin nan, wanda za mu tsayar dipite, ɗan majalisa. Shi da mutanenshi, mota biyar. Ya aiko da rago da rabin buhun shinkafa da bido ɗaya na mai. Tuwo kuma mu za mu yi. Kowane gida na unguwarmu zai kawo abin da ya samu.”

Inna ta ce, “Kai wanga, mi ka gani a gidan nan da za a kawo?”

“Na ji an ce Hadiza na da ajiya.”

Ni yake nufi. Mutum biyu ne kawai suka san da tulun nan, Inna da maigidana, kuma na san ba Inna ba ce ta faɗa.

Na ce, “Yaya, na gayya ne. Ka ga yadda gonar take.”

“Na sani. Ai don gonar nake magana. Mutumen nan da kamiyo, babbar mota cike da hatsi, yake tafe, duk garin da ya karɓe shi da kyau sai an sauke musu buhuna. Ki ba da shida ki samu buhu. In kuwa mutanen gabas suka ji gidan sakatare ne bai kawo komai ba, ina zan sa kaina?”

Daga cikin ɗaki maigidana ya ce, “Ba shi, Hadiza. Yaya ne.”

Na dubi Inna. Ta ci gaba da tsinke ganyenta, ba ta ɗago ba. Na shiga na jawo tulun, na fasa lakar da muciya. Ƙanshin hatsin ya taso, yarinyata ƙarama ta rarrafo ta sa hannu ta cika baki da shi ɗanye. Na bar ta.

Ranar Asabar tun da aka sallame asuba muka fara daka, mata sun fi ashirin a ƙofar gidan Yaya Lawali. Itace duk ya jiƙe, hayaƙi ya cika mana ido. Wadda ta kwana ba ta ci ba ita ce ke ɗaga taɓarya. Muka tuƙa tuwo tukunya bayan tukunya, muka yi miyar kuka da ta yakuwa, aka dafa shinkafar da wake, aka soya naman rago. Mun daɗe ba mu ji ƙanshin mai a wuta ba. Yara suka kewaye mu sun yi shiru, ba mai roƙo, ido kawai. An riga an gaya musu ba wanda zai taɓa sai baƙi sun ci.

Kafin azahar an gama. Aka jera akusa da ƙore da kwanoni a ƙarƙashin rumfar da aka kafa, aka rufe da fayafai. An ce da azahar za su iso. Azahar ta yi, ta wuce. Rana ta buɗe da irin zafin nan mai gumi da ke zuwa kafin ruwa. Makaɗa suka yi kiɗa har suka gaji suka zauna. Inna ta ɗaga faifai ɗaya ta shinshina, ta mayar.

Sai bayan la'asar muka ji ƙarar motoci. Biyar ɗin ne kuwa, amma ba kamiyo a bayansu. Na yi ta leƙen hanya ko yana tafe, har wuyana ya gaji.

Alhajin ya fito cikin farar shadda, mutum mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya hau kan benci ya yi magana da lasifika. Ya ce in an zaɓe su, yunwa ta yi ban kwana da ƙasar nan. Aka yi guɗa, ni ma na yi. Sannan Yaya Lawali ya ce bisimilla, aka buɗe abinci.

Ashe a ƙoshe suke. Daga baya muka ji an yi musu liyafa a garin Agiye da hantsi, an sake yi musu a Cadawa da azahar. Mu ne na uku. Alhaji ya gutsiri loma ɗaya don kunya, ya ce madalla, ya koma gefe da dattawa. Mutanensa kuwa, samari da direbobi da maroƙa, suka bi kwanonin nan ɗaya bayan ɗaya suna buɗewa. Nama suke nema. Mutum ya tura hannu cikin shinkafa har wuyan hannu, ya tono tsoka, ya yarfe hannun a kan kwano na gaba. Wani ya yaga malmalar tuwo biyu ya ga ba komai a ƙarƙashi, ya ture. Naman da ba su cinye ba suka zuba a leda.

Muna tsaye bayan danga muna kallo ta kafa. Da idona na ga wani direba ya ɗauki buta ya wanke hannunsa a kan akushin tuwo, akushin Inna ne ma, baƙi mai ɗinki a gefe. Ruwan mai da dauɗa ya gangara ya taru a gindin malmala. Wani ya gama shan taba ya soke guntun a tsakiyar tuwo, ya tsaya a tsaye kamar an dasa shi. Wani maroƙi mai jan baki yana ta zuba kirari, yana juyawa yana tofar da tukar goro, bai ko duba inda take sauka ba. A kan tuwo take sauka, ja a kan fari. Akwai wata mata a cikinsu da ta ƙi fitowa daga mota, ta toshe hanci da gefen gyale, tana cin burodi da sardin ɗin gwangwani.

Matar da ke kusa da ni ta ce, “Hadiza, wancan ba tuwonki ba ne?”

Na kau da kai daga kafar dangar.

Ba su yi awa guda ba. Hadari ya taso, direbobi suka ce in ruwa ya sauka hanya ba ta biyuwa. Suka watsa wa yara takardu masu hoton Alhaji, suka shiga motoci suka tafi. Maganar buhuna ko a baki ba a yi ta ba.

Kwanonin da ba a taɓa ba kaɗan ne, nan da nan aka kwashe su zuwa gidan maigari da wajen dattawa da makaɗa, aka ba yara wasu suka yi wawa. Abin da ya rage a rumfar nan ya fi rabin abin da muka dafa, kuma ba kwano ɗaya da za ka kalla ranka bai ɓaci ba. Ga shi tun safe yake a rufe cikin zafi, ya fara tsami. Can bakin hanya kuwa mutanen unguwar gabas sun taru a gindin itacen bedi, suna kallo suna dariya.

Yaya Lawali ya zo fuskarsa ta yi baƙi. Ya ce da samari, “Ku kwashe wannan duka ku kai kududdufi ku zuba. Maza, kafin ruwa.”

Mata suka yi cirko-cirko. Wata ta ce, “A zubar?”

“A zubar mana! So kuke gobe a yi mana waƙa, a ce ƴan yamma sun lashe yawun baƙi? Ba a gabana ba.”

Samari biyu sun riga sun ɗaga babbar ƙwarya sai Inna ta fito daga bayan danga. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, ta ranƙwafa, amma da ta yi magana kowa ya ji.

“Lawali.”

Kowa ya waiwayo. Ɗanta na fari ne. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa jin ta kama sunansa ba, kuma na tabbata shi ma bai taɓa ji ba.

“Lawali, hatsin wa za ka zuba a kududdufi? Kai ka noma shi? Kai ka daka? Ƙanenka na kwance, gonarshi ta zama daji, ka zo ka kwashe abin gayyarshi ka ba waɗanda suka wanke hannu a ciki. Yanzu kuma kunya kake ji. Ajiye ƙwaryar nan, ku.”

Samarin suka ajiye. Yaya Lawali ya juya ya shige gidansa.

Wasu matan suka ɗauki kwanoninsu suka juye wa awaki, suka ce su ba za su iya ba. Ban ga laifinsu ba. Mu kuwa, ni da Inna da mata uku da suka tsaya, muka yi ta jigila zuwa gidanmu, iska tana watsa mana ƙasa, mutanen gabas suna tafi suna shewa. Muna shigar da ƙwarya ta ƙarshe ruwa ya ɓarke.

A ɗakina aka jibge komai. Inna ta sa aka kawo wuƙa da ruwan zafi da faranti, ta zauna ta miƙe ƙafa.

“Ku saurara. Abin da yawu ko taba ya taɓa, a yanke shi da faɗi, da na kewayenshi, a ba kaji. Wanda ruwan hannu ya jiƙa, a zubar, ko akuya ba zan ba ba. Wanda hannu kawai ya taɓa, a feɗe bayanshi kamar ana feɗe rogo. Cikin malmala ba abin da ya same shi.”

Miyar duka ta ce a zubar, ba a ceton miya. Muka fara. Malmala ta uku da na ɗauka, na juya ta, sai ga tukar goro ta manne a gindinta, ta jiƙe, har da zaren yawu. Na yar da wuƙar na fita da gudu cikin ruwan sama na yi ta kakari. Ba abin da ya fito, don ba komai a cikin.

Da na dawo Inna ba ta ko dube ni ba. Ta ce, “In kin gama, ga wuƙarki nan. Ƙyama ta mai rumbu ce, ɗiyata. Ke ba ki da shi.”

Na ji haushinta a ranar, ba kaɗan ba. Na ɗauki wuƙar.

Cikin tuwon da muka fitar muka yanka shi siriri-siriri, muka shimfiɗa a kan fayafai da tabarmi. Shinkafar muka zuba a gwagwa muka yi ta kwarara mata tafasasshen ruwa har man ya fita, muka baza ta. Ƙasusuwan da aka gwaguya Inna ta ce a bar wa karnuka. Amma kan ragon da ƙafafunsa da fatarsa suna gidan Yaya Lawali ba wanda ya kula su, ta aika matarsa ta kawo. Ta babbake su, ta kankare, ta tafasa da kanwa da gishiri, ta rataye a saman murhu.

Da rani ne, yini ɗaya rana ta gama mana aikin. Amma damina ce. Washegari gari ya wayi da lumshi, yayyafi ya ƙi tsayawa. Muka hura wuta a tsakiyar ɗaki, muka ɗora faifan a kan duwatsu kewaye da ita, muna juyawa. Hayaƙi, tsamin tuwo, warin jiƙaƙƙiyar tabarma, ga ƙafar maigidana da nata warin. Ƙudaje suka samu gida. Tufafinmu, gashin kaina, har bakin yarinyata in ta zo shan nono, duk warin nan ne. In rana ta leƙo mu kwasa mu fita da gudu, in hadari ya taso mu kwaso mu dawo. A kwana na biyu faifai biyu suka yi funfuna, kore da baƙi kamar gashi. Inna ta duba, ta ce a kai bola. Nan ne kawai na ga idonta ya kawo ruwa.

A kwana na uku rana ta fito sosai. Kafin la'asar yankakken tuwon nan ya bushe ƙarau, in ka karya sai ya ce ƙas. Inna ta zuba shi kaɗan-kaɗan a tukunyar ƙasa ba mai, ta yi ta juyawa a kan wuta har ya yi ja, tsamin ya gudu, wani ƙanshi kamar na tumu ya taso. Shinkafar ma haka ta yi mata, sannan muka ɓarza ta a turmi. Da aka tattara duka, da kason matan da suka taya mu an fitar, abin da ya rage mana ya cika babban masaki da ɗan kai.

Inna ta aika aka gaya wa mutane gayya ran Alhamis.

Akwai wata Bafulatana, Dija, da rugarsu ke bayan gonarmu, takan kawo nono gari. Ta biyo ran Laraba ta tarar muna ɓarza, ta tambaya, Inna ta gaya mata gaskiya ba ta rage komai ba. Dija ta riƙe haɓa ta ce, “Kai, mutanen mota ba kunya.” Washegari da sassafe sai ga ta da ƙwaryar nono cike, ta ajiye, ta ce a bar mata harawar wake in an yi kaka, shanunta su samu.

Ranar gayya maza goma sha bakwai suka fito, har da mutum huɗu daga unguwar gabas, cikin waɗanda suka yi mana shewa. Gona ba ta san tuta ba a wajensu, maigidana ya taɓa yi musu noma su ma. Suka jeru da hauya tun rana ba ta yi zafi ba.

Mu kuma muna gida. Rabin soyayyen tuwon Inna ta daka shi sama-sama ta jiƙa a nonon Dija da ɗan barkono da citta, ya yi kauri kamar fura, na hantsi ke nan. Sauran rabin ta yayyafa masa ruwan zafi ya yi laushi, ta haɗa da dafaffiyar tafasa da albasa da ƙuli-ƙuli da yaji, ta kwaɗa. Ɓarzajjiyar shinkafar ta turara ta da ganyen rama kamar dambu. Kan rago da ganda suka dahu da daddawa har suka narke, ta zuba romon a kai. Ni da na san daga inda abin nan ya fito, da na ga an jera shi a ƙore sai da na yi mamaki.

Da azahar muka kai gona. Maza suka zauna a inuwar gawo suka sa hannu. Ba ka jin komai sai tauna. Wani dattijo daga gabas, Malam Habu, ya ɗago ya ce, “Inna, wanga wane irin abinci ne? Ban taɓa cin irinshi ba.”

Ta ce, “Ci dai, Malam. Na baƙi ne.”

Ya tsaya da loma a hannu. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi Inna. Kowa a wurin ya gane. Sai ya kai lomar baki, ya tauna a hankali, ya ce, “To, Allah shi ba baƙi haƙuri, sun yi asara.” Aka yi dariya, aka ci gaba da ci.

Yaya Lawali bai zo da safe ba. Sai da ana cikin cin nan muka hango shi tafe da hauya a kafaɗa, ba takarda a aljihu. Ya wuce ya kama kunya ɗaya ya fara noma shi kaɗai cikin rana. Inna ta bar shi ya kai ƙarshen kunyar ya dawo, sannan ta zuba kwaɗon a ƙaramar ƙwarya ta ce in kai masa. Na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya ce, “Hadiza, ki yafe mini,” a hankali, yadda ba wanda zai ji. Ya zauna ya cinye tas.

Maza suka koma aiki. Ni da Inna muka tattara ƙore muka koma gindin wata ƴar kalgo a gefen gona. Tun jiya ban sa komai a cikina ba. Inna ta ture mini ƙwaryar da ta rage mana. Na ɗebo, na kawo kusa da baki. Ƙanshi mai daɗi, wallahi. Sai idona ya sauka a kan wani ɗan ja a jikin lomar. Barkono ne. Na san barkono ne, ni na daka shi da hannuna. Amma sai tukar goron nan ta faɗo mini a rai. Na yi ƙoƙari sau biyu, na kasa. Na mayar da lomar, na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Ba ta yi faɗa ba. Da na ɗago sai na ga gefenta na ƙwaryar yana nan yadda aka zuba shi, ba alamar yatsa. Na tuna ko da ake girkin, ni take miƙa wa ludayi in ba matar Yaya ta ɗanɗana gishiri.

Na ce, “Inna, ke ma ba ki ci ba.”

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da ɗan dunƙulen dafaffiyar tafasa, ba gishiri ba komai, ta raba biyu ta miƙo mini rabi. Muka zauna muna taunar ɗacin nan, muna kallon maza suna kwantar da ciyawa, hatsinmu yana fitowa fili layi bayan layi.

Can ta ce, “Na ce a ci, ɗiyata. Ban ce zan iya ba.”